Ɗantala Gwanin Mutuwa

A shekarun da kuɗin man fetur ya yi wa ƙasar nan ambaliya, lokacin da masinjan ofis ma ke hawa babur sabo fil, akwai wani mutum a unguwar Bagadaza cikin garin Gombe, ana ce masa Ɗantala Mai Ƙararrawa. Aikinsa shelar silima. Da hantsi sai ya rataya alluna biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a gadon baya, an manna musu hotunan fim ɗin da za a nuna, ya ɗauki ƙararrawa ya shiga gari. Ya bi Madaki, ya ratsa Herwagana, ya ɓullo bakin kasuwa, yana kaɗawa yana ba da labarin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, har wasu in sun gama sauraronsa ba sa ganin amfanin zuwa kallon. Babban ladan wannan wahala shi ne bencin gaba kyauta. Shekara goma sha ɗaya yana zama a bencin nan da wuya a ɗage, har wuyan ya saba, ko gaisawa yake da kai sai ka zaci da wani na bisa kanka yake magana.

Kowa a silima akta yake so, wato jarumin nan mai farar hula da ke gamawa da kowa ya hau doki ya tafi. Ɗantala shi kaɗai ya zaɓi wani can daban: wani siririn Bature mai karyayyen hanci da gashin baki murɗaɗɗe, wanda ba ya rasa fitowa a fim ɗin kaboyi, kuma ba a taɓa tashi daga kallo yana da rai ba. Ba wanda ya san sunansa a Gombe, don haka Ɗantala ya raɗa masa Sarkin Mutuwa.

Majalisarsa gindin dogonyaron Iro mai gyaran keke ce, maƙwabcinsa kuma abokin tsiyarsa tun suna yara. Nan yake jingine allunansa ya buɗe baki.

"Ku ba ku san kallo ba," in ji shi. "Na san mutumin nan tun yana riƙe wa mutane doki a ƙofar mashaya, ko tari ba a ba shi ya yi ba. Daga nan aka ba shi magana ɗaya, ya ce ga su nan tafe, aka harbe shi. Shekara ta zagayo ya zama mai goge kofuna, aka harbe shi a bayan kanta. Ya zama yaron ɓarayi na uku, ya zama na biyu, har ya kai na hannun daman ubangidansu. Ya faɗo daga bene, ya faɗo daga kan jirgin ƙasa, daga kan doki kuwa sau goma sha tara a kan idona. Yanzu an ce ya tsufa ya koma talabijin, yana mutuwa a cikin ɗakunan mutane duk mako. Akta in ya yi furfura yar da shi ake yi. Mai mutuwa kuwa ba ya rasa aiki."

"To kai mene ne naka a ciki?" in ji Iro, yana lalaben hujin taya a cikin kwanon ruwa. "Gadonsa za ka ci?"

"Sana'a na koya. Duk faɗin Arewa babu wanda ya iya mutuwa kamata."

"Allah ya nuna mana."

"Amin," in ji Ɗantala da zuciya ɗaya, kuma bai gane abin da ya sa majalisa ta kwashe da dariya ba.

A gida yake gwaji. Matarsa Barira, mai sayar da zoɓo, ta ga mutuwar mijinta ta fi a ƙirga. Ya mutu a kan tabarmar da ta shanya citta, ya mutu a kan akurkin kaji, wata rana ya faɗo daga kan turmi ya mutu tare da randa. Ya kan tsoma kai a bokiti don koyon riƙe numfashi, ita kuwa ta tsaya a kansa tana jira ya gama ta yi wanke-wanke.

"Malam," ta kan ce, "in mutuwar ce ka fita waje ka yi, ni ina da aiki."

Ana nan sai ga Donatus ya dawo gari. Ɗan Herwagana ne, ɗan kafinta, tare suka buga ƙwallon tsumma da su Ɗantala, yanzu kuwa ya zama mai shirya wasan kwaikwayo a sabon gidan talabijin. Ya zo da mota ɗaya, da kyamara mai ƙafa uku, da usur rataye a wuya. Wasan kaboyi na gida suke so su yi, na ɓarayin shanu, kuma sun ga kwarin da ruwa ya zaizaye a bayan Bagadaza ya yi kama da ƙasar kaboyi sak. Akta suna da shi, wani malamin makaranta Rufa'i mai faɗin kafaɗa. Wanda za a harbe suke nema, kuma duk wanda aka tuntuɓa sai ya ce Allah ya kiyaye.

Ɗantala ya same su a masauki, bai ko yi sallama ba ya dafe ƙirji ya zube a gaban Donatus.

"Tashi, na gani," in ji Donatus. "Amma ka buɗe kunne, abokina. Fim ɗin da ke cikin na'urar nan kaɗan ne, ba ma maimaitawa. Zan yi maka zane a ƙasa. Ka tsaya a kai, a harbe ka, ka faɗi a nan. Daga nan kai gawa ne. Ko ƙuda ya shiga hancinka, ko mutane sun zo sun ɗauke ka, don akwai 'yan gari da za su zo ɗaukar gawa a cikin wasan, kar ka motsa sai ka ji usur ɗina. In ka yi daidai zan tafi da kai Bauchi, mako goma sha uku, kowane mako mutuwa ɗaya. In ka motsa kafin usur, shi ke nan, ka koma wa ƙararrawarka."

"Oga Dona, ni za ka koya wa kwanciya?"

"Sannan kar ka gaya wa kowa rana ko wuri. Ba na son taro."

Daga nan Ɗantala bai zame ko'ina ba sai ofishin manajan silima. Ya dire ƙararrawa a kan tebur, ya jingine alluna, ya ce, "Manaja, ga amanarka."

"Za ka dawo," in ji manaja.

"A cikin akwatin talabijin za ka gan ni."

Kafin azahar an ba wani ƙararrawar. Sirrin rana da wuri kuwa Ɗantala ya riƙe shi gam, ko Barira bai gaya wa ba. Shi ne sirri na farko da ya taɓa riƙewa a rayuwarsa, kuma shi ne ya kusa kai shi kabari.

Ranar Laraba da safe ya shirya. Ya lanƙwashe gefen malafarsa ta zama hular kaboyi, ya sa falmaran ɗin da Donatus ya ara masa, ya ɗaura ɗankwalin Barira na zuwa biki a wuya, suka yi kaca-kaca a kan ɗankwalin kafin ta ɗauki tulunanta ta tafi gidan suna a Madaki. Tana fita ya ɗura zoɓon da ta rage a cikin balan-balan, ya cusa a ƙarƙashin riga. Ba wanda ya ce masa ya zo da jini. Shi ne dai ya ga gwani ba ya mutuwa a bushe.

A bakin kwari Donatus ya ja zane da ƙafa, Ɗantala ya tsaya a kai yana murɗa gashin baki. Rufa'i ya ɗaga bindigar mafarauta da aka ɗura wa albarushi zalla, ba harsashi. Donatus ya sauke hannu. Ƙarar da ta tashi duk Bagadaza sai da aka ji ta.

To a nan ne ilimi ya yi wa Ɗantala yawa. Mutuwar shekara goma sha ɗaya ta taso masa gaba ɗaya, ya rasa wacce zai zaɓa, sai ya yanke shawarar yin su duka. Ya doki ƙirji, balan-balan ta fashe. Ya yi juyi biyu, ya durƙusa, ya miƙe. Ya nuna Rufa'i da yatsa, ya nuna sama, ya cire hula ya yi ban kwana da shanun da babu su. Donatus yana ta yi masa alama da hannu ya faɗi, shi kuwa ya ɗauka cewa ake ya ƙara. Ya ja da baya yana tangaɗi, ya fita daga idon kyamara, ya ci gaba da ja, har ƙasa ta ƙare a bayansa. Ya gangara kwarin nan tun daga sama har ƙasa. Da wani ne da ya tsaya nan, amma shi ya ga faɗuwar ta yi masa kyau, sai ya miƙe ya ƙara da tangaɗi, ya sha kwana, ya ƙara shan wata, sannan ya samu yashi mai laushi a bakin hanyar da 'yan unguwa ke bi, ya baje ya mutu.

Can sama Donatus ya busa usur har kumatunsa suka yi ciwo. Kwanar nan biyu da Ɗantala ya sha a cikin kwari sun shiga tsakaninsu, ko alama Ɗantala bai ji ba. Rufa'i ya ce ƙarar bindiga ce ta firgita shi ya gudu gida, kowa ya yarda.

Ɗantala na kwance, rana na hawa. Ƙudaje suka fara zuwa, ya ce a ransa an gaya min da ku. Cinnaku suka biyo zaƙin suga suka shiga ta wuyan riga, ya cije haƙori. Can sai ya ji harshe mai kaushi yana lasar ƙirjinsa, da warin bunsuru a hancinsa. Bai gama tunanin ko a wane fim Sarkin Mutuwa ya taɓa haɗuwa da bunsuru ba, sai salati ya tashi a kansa.

"Wayyo jama'a! Sun harbe ɗan mutane! Ku fito!"

Ya ce a ransa, kai, wannan tsohuwa a ina Donatus ya samo ta? Ta iya. Da ta ƙara kurma ihu sai ya gane muryar Iya ce, mai awaki ta bayan gidansu. Ashe 'yan unguwa aka ɗauka aikin ɗaukar gawa, kuma munafukan duk suka ɓoye masa. Ya ƙara sakin jiki don su ga bambancin gwani da ɗan koyo.

Nan da nan wuri ya cika. Aka buɗa wa Baffa Hamman wanzami hanya, tsohon da duk wata haihuwa da rasuwa ta Bagadaza sai ta bi ta hannunsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora kunne a ƙirjin Ɗantala. Ɗantala ya tuna bokiti, ya ɗauke numfashi.

"Ya cika," in ji Hamman. "Allah ya jiƙansa."

"Baffa," in ji Iro, "da kunnen hagu ka saurara, ai shi ne ba ya ji."

"Da shi na saurari kakanka. Ka ga ya dawo?"

"A kai shi asibiti mana, jikinsa da ɗumi."

"Tun yaushe yake cikin rana? Dutse ma da ɗumi."

Wani daga baya ya sunkuyo ya shinshina. "Baffa, jinin nan fa ƙanshin citta yake."

"Mijin mai zoɓo ne," in ji Hamman a fusace. "Ƙanshin me kake so ya yi, na fura?"

Aka kawo amalanke aka ɗora shi. Hanyar Bagadaza kuwa duk rami ce, kowane rami sai ƙeyarsa ta gaisa da katako. Ya ɗan buɗe ido kaɗan yana neman kyamara, bai gan ta ba, ya ce lallai Donatus ƙwararre ne, ya iya ɓoye kayan aiki.

Aka shimfiɗe shi a zauren gidansa, aka lulluɓe shi da zane, aka tura a kira liman, aka tura Madaki a gaya wa Barira. Maza suka zazzauna a ƙofar zaure. Ɗantala ya kasa kunne, don ya san yanzu ne za a fara yabon mamaci, kuma ya daɗe yana son ya ji. Kowa ya shiga laluben abin da zai ce.

"Allah sarki," in ji wani daga ƙarshe. "Yana da murya."

"Ƙwarai. Tun daga Madaki ake jin sa."

Aka koma lalube.

"Bai taɓa dukan kowa ba."

"Ina ya ga ƙarfin?"

"Ni dai," in ji wani, "bai taɓa bari na kalli fim ban san ƙarshensa ba. Na yafe masa."

Ɗantala ya ji kamar ya tashi ya tambaye su wa ya rubuta musu wannan magana maras daɗi. Sai ya ji Iro ya ja hanci, ya ce, "Yanzu wa zai riƙa zuwa yana cika min kunne?" Daga nan muryarsa ta karye, ya fashe da kuka irin na babban mutum, mai muni. Abin ya ɗan daki Ɗantala, don a iya saninsa Iro ko ƙarya bai iya shiryawa ba.

Sai ga Barira. Tun daga nesa ya ji ta, kuma tun daga nesa ya san wannan ba wasa ba ne. Da gudu ta taho daga Madaki, ba takalmi, ba mayafi, ta bar tulunanta a gidan mutane. Ta faɗo zauren ta zube a kansa.

"Malam! Malam, ka tashi! A kan ɗankwali na yi maka faɗa, ka ɗauka, ka ɗauke su duka! Ka fasa randar, ka fasa goma, ni dai ka tashi! Ko ruwa ban ba ka ba ka fita!"

Shekara tara suna tare bai taɓa jin wannan murya a bakinta ba. Tausayinta ya kama shi, kunya ta biyo baya, ya ji ya tsani falmaran ɗin da ke jikinsa. Ya yi niyyar tashi, wallahi ya yi. Sai kuma ya tuna Bauchi, da mako goma sha uku, da ƙararrawar da ke hannun wani. In kuma Donatus gwada shi yake yi fa? In kyamara na leƙe ta wata kafa? Wahalar cinnaku da ta amalanke duk ta tafi a banza ke nan. Ya ce bari ya ƙara ɗan haƙuri, usur ya kusa. Ya ci gaba da kwanciya yana jin hawayen matarsa na sauka a wuyansa, kuma a duk shirmen da ya yi a duniya wannan ne kaɗai ba abin dariya ba.

Hamman ya ce a ba ta wuri, maza suka ja baya. Barira ta kifa fuska a ƙirjinsa tana shessheƙa. Can shessheƙar ta ragu. Ta ɗago, ta shinshina. Ta dangwali jinin ta kai baki. Ta zura hannu cikin rigar ta zaro guntun balan-balan, ta daɗe tana kallonsa.

"Malam," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kanumfarina ne wannan."

Gawa ta ƙara sakin jiki.

"Na san kana ji na. Tashi."

Gefen bakin gawa ya ɗan motsa. "An busa usur?"

"Wane usur?"

"To ban tashi ba. Matsa gefe, kina tare kyamara."

"Malam, an tafi kiran liman. An tafi haƙa."

"Ki ƙara kukan kaɗan, ɗazu ya yi kyau."

Barira ta miƙe tsaye a hankali. Ta share fuska da bakin zane, ta kwance shi ta sake ɗaurawa tamau, ta leƙa waje.

"Baffa Hamman, a zo a toshe masa hanci. A sa audugar da yawa, marigayi mutum ne mai son a cika abu. Ruwan wanka kuma a ɗebo na sabuwar randa, shi ya fi sanyi."

"Kun ga mace mai tawakkali," in ji Hamman, ya shigo da auduga cike da hannu. Ya yi aikinsa tsakani da Allah, har da dannawa da ɗan yatsa. Ɗantala ya koma shaƙar iska ta gefen baki, idanunsa na ruwa a ƙarƙashin fata.

Ba a kai ga wanka ba sai ga Kofur Sa'idu a kan keke, labarin harbi ya kai caji ofis. Ya shigo da kulki a hammata, ya yaye zanen, ya duba.

"Gawar nan gumi take yi."

"Ranar Gombe ce," in ji Hamman. "Buhun gishiri ma in ka ajiye sai ya yi."

"To ba za a binne ba. Wanda aka harba sai an kai shi asibiti, likita ya farke ƙirjin ya ciro harsashi. Ina matarsa? Kin yarda?"

"Ku tafi da shi, Kofur," in ji Barira. "In an gama da ƙirjin a buɗe kan ma, a duba ko akwai wani abu a ciki."

Gumin gawa ya ƙaru. Aka kama tabarma ta kusurwa huɗu aka fito da shi ƙofar gida, inda rabin Bagadaza ta taru, har da na Herwagana da suka zo jaje. Da aka ji za a farke shi sai wuri ya yamutse. Iro ya tare hanya da famfon keke a hannu, ya ce ba mai yanka masa aboki. Wasu suka kama tabarma ta kai suna ja ciki, Kofur da masu taya shi suka kama ta ƙafa suna ja waje. Iya na zagin kowa. Ɗantala na tsakiya yana lilo, yana roƙon Allah ya kawo Donatus kafin likita. Kofur ya ga abin ya fi ƙarfin baki, ya laluba aljihu, ya cika kumatu, ya busa usur ɗinsa na 'yan sanda iya ƙarfinsa.

Gawa ta yi tsalle ta dire a kan ƙafafunta, zane a kafaɗa, auduga na leƙowa ta hanci biyu, ta buɗe hannuwa.

"Yaya kuka gani?" in ji Ɗantala da muryar toshewar hanci. "Ya yi?"

Ban taɓa jin taro ya watse da sauri irin na ranar ba. Masu tabarma suka sake ta suka bi ta kan juna. Mata suka watsar da takalma. Kofur ya manta da keke, sai ganinsa aka yi a kan katangar maƙwabta yana busa usur ba ƙaƙƙautawa, ba wanda ya san wa yake kira. Iro ya yi gudu kaɗan, ya tsaya, ya juyo, ya ɗaga famfo ya dawo da niyyar gyara kuskuren bindiga, sai da aka riƙe shi. Hamman kaɗai bai motsa ba.

"Koma ka kwanta, ɗan nan," ya ce. "Na riga na faɗa. Kar ka ƙaryata ni a gaban jama'a."

"Baffa, wasa ne! Na talabijin! Ina Oga Dona? Oga Dona, fito, an gama!"

Kamar kiran yake jira, sai ga motar talabijin ta shawo kwana. Falmaran ɗinsu suka biyo. Donatus ya sauko, ya dubi takalman da ke warwatse, ya dubi ɗan sanda a kan katanga, ya dubi audugar hancin Ɗantala.

"Abokina, ina ka shiga? Na busa usur ya fi sau goma."

"Ka busa? Yaushe?"

"Tun da safe. Ka fita daga hoto tun a juyi na biyu. Abin da muka samu naka shi ne gwiwar hannu."

"To a sake! Yanzu na ma fi jin ta a jikina."

"Fim ya ƙare. Mun riga mun samu wanda ya mutu."

"Wa? Wane ne a garin nan?"

Donatus ya nuna bayan mota. A can, jingine tsakanin kyamara da Rufa'i, buhun auduga ne zaune, an sa masa riga, an kifa masa malafar Ɗantala da aka tsinta a bakin kwari.

"Rufa'i ya harbe shi, muka ture shi da sanda, ya faɗi daidai kan zane. Bai motsa ba har na busa. Da shi za mu Bauchi."

"Buhu? Oga Dona, buhu? Ni da na yi shekara goma sha ɗaya..."

"Ba ya gardama, kuma inda aka ce ya faɗi nan yake faɗi. Kawo falmaran."

Waɗanda suka gudu sun fara dawowa neman takalma, kuma duk sun ji. Dariyar ta fara daga Iro, ta bi layi har kan katanga. A gaban kowa Ɗantala ya tuɓe falmaran ya miƙa. Ya nemi hularsa, Donatus ya ce a'a, an riga an ɗauki buhu da ita, dole ya ci gaba da sawa har mako goma sha uku. Mota ta tashi, buhu na gyaɗa kai a baya. Aka tura a gaya wa masu haƙa su dakata, Kofur ya sauko ya ce gobe da safe marigayi ya same shi a ofis.

Ɗantala ya zare auduga daga hanci ya shiga gida. Ya tarar da Barira zaune a bakin ɗaki da buta, tana wanke ƙafarta. Kwalba ta yanke ta a hanyar Madaki, sai yanzu ta lura. Ya tsaya yana sosa cizon cinnaku, ya gyara murya.

"Amma dai tsakani da Allah, kin yarda na iya."

"Ka iya," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ni ma na yi maka kuka na gaskiya, shi ke nan wanda nake da shi, ga shi na ƙarar a kan zoɓo. Ranar da ta gasken ta zo, sai ka nemi mai yi maka."

Ɗantala ya matso kusa. Ya tsuguna a gabanta, ya karɓi butar, ya shiga zuba mata ruwa a kan yankan a hankali. Ba ta janye ƙafar ba, ba ta kuma dube shi ba.